"Tunda tana aiki, kar ka taɓa": bashin da matasa masu rubuta manhaja ke tara wa kansu

Idan kana cikin zaurukan WhatsApp ko Telegram na masu koyon rubuta manhaja, akwai wata magana da ba za ka rasa ji ba: "Tunda tana aiki, kar ka taɓa." Da raha ake yin ta, a haɗa da hoton barkwanci, kowa ya danna alamar dariya ya wuce. To yau ina so mu ɗan tsaya a kanta, domin da yawa daga cikinmu sun ɗauke ta daga wasa sun mayar da ita ƙa'idar aiki, kuma waɗanda za su biya kuɗin wannan ƙa'ida ba su ma san ana yin ta ba.

Ka duba yadda abin ya bunƙasa. Daga waɗanda suka koya a YouTube da ɗan datan dare, zuwa waɗanda suka shiga shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 da burin horar da mutum miliyan uku, yau da wuya ka shiga unguwa a Kano ko Kaduna ko Zariya ka rasa matashin da ya taɓa haɗa wa wani manhaja. Wannan ya yi wa makarantar kuɗi ta lissafin kuɗin makaranta da sakamakon jarrabawa. Wancan ya yi wa kantin magani. Waccan ta yi wa ƙungiyar mata masu adashi. Abin farin ciki ne, wallahi. Amma a cikin kowace irin wannan manhaja akwai sunayen mutane, lambobin wayarsu, kuɗinsu, makin 'ya'yansu. Ranar da ka miƙa manhajar aka biya ka, ba ranar ka sauke nauyi ba ne. Ranar ka ɗauki amana ne.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: sabunta laburaren da manhajarka ke amfani da shi wajen magana da rumbun bayanai ba ado ba ne, ba kuma bin yayi ba ne. Wani ɓangare ne na wannan amana. Wanda ya ƙi yi gaba ɗaya ya yi sakaci. Wanda ya yi a gurguje don a ce yana kan sabon abu, shi ma ya yi sakaci. Bari mu bi ta sannu.

Shago, sito da yaron shago

Ga wanda ba sana'arsa ba ce, kar ka gudu tukuna, akwai rabonka a ƙasa. Ka ɗauka manhaja shago ce. Abin da kake gani a fuskar wayarka shi ne gaban kanta. A baya akwai sito inda ake jibge komai, wato rumbun bayanai, irin su MySQL, PostgreSQL, SQLite ko MongoDB. Mai shago ba ya shiga sito da kansa kowane lokaci. Yana da yaro da yake aika: ɗauko wannan, ajiye wancan, rubuta a littafi cewa wane ya biya. Wannan yaron shi ne laburare, wato tarin umarnin kwamfuta da wasu suka riga suka rubuta, kai kuma ka ɗauko kyauta ka jona a aikinka. Masu rubutu da Python da yawa SQLAlchemy suke aika. Masu JavaScript da MongoDB sukan aiki Mongoose. Masu PHP suna da mysqli da PDO.

Kowane laburare yana da lambar siga, sau da yawa kashi uku, kamar a ce 1.4.2. Bisa al'adar da aka fi bi, idan lambar ƙarshe ce ta motsa, gyaran ƙananan kurakurai aka yi. Idan ta tsakiya ce, an ƙara sabon abu amma tsohon yana nan. Idan kuwa ta farko ce ta sauya, daga 1 zuwa 2 misali, masu laburaren suna gaya maka ƙarara cewa sun sauya wasu ƙa'idoji, kuma abin da ka rubuta jiya ba lallai ya yi aiki gobe ba. Ba kowane laburare ke bin wannan tsari sau da ƙafa ba, shi ya sa karanta bayanin masu shi ya fi dogaro da lamba. Amma dai ka riƙe wannan: babbar siga tamkar sauya yaron shago ce. Sabon ya fi ƙwazo, ya fi tsabtar aiki, sai dai ba halinsu ɗaya da tsohon ba.

Kuskuren da ba ya ihu

Ga misali na gaske. SQLAlchemy, wanda Mike Bayer ya fara fitarwa a 2006, yana cikin laburaren da aka fi amfani da su a duniyar Python. A watan Janairun 2023 aka fitar da sigarsa ta 2.0, kuma ta zo da sauye-sauye masu nauyi. Wasu daga cikinsu masu hayaniya ne: an cire wasu tsofaffin hanyoyin aika umarni, saboda haka da ka sabunta, manhajar za ta tsaya cak ta watso maka jan rubutu. Irin wannan kuskuren, duk da haushinsa, alheri ne. Ka gan shi, ka gyara.

Amma akwai wani sauyin da ba ya ihu. A tsohuwar siga, idan ka buɗe layin haɗi da rumbu ka aika umarnin a saka sabon bayani kai tsaye, laburaren da kansa yake tabbatar da ajiyar, ko ba ka ce ba. A siga ta 2.0 an daina wannan. Dole kai da kanka ka ba da umarnin tabbatarwa, wanda ake kira commit, ko ka buɗe aikin ta hanyar da za ta tabbatar idan ka gama. Idan ba ka yi ba, da layin ya rufe za a warware abin da ka saka, kamar ba a taɓa yi ba. Babu jan rubutu. Babu ƙorafi.

Mu koma shagonmu. Tsohon yaro, da ka ce "wane ya biya", sai ya rubuta da biro. Sabon yaro da fensir yake rubutawa, yana jiran ka ce "tabbatar". In ba ka ce ba, da ka juya baya sai ya goge. Yanzu ka kawo wannan cikin manhajar makaranta. Uba ya zo ya biya kuɗin zango. Akawu ya shigar, fuskar kwamfuta ta nuna "an adana", aka buga rasit. A rumbu kuwa babu komai. Sai bayan mako uku a tare yarinya a bakin ƙofa a ce ba ta biya ba. Wa za a zarga? Akawu. Shi za a kalla da idon ɓarawo, alhali laifin yana cikin layi ɗaya na kod da wani ya sabunta da daddare bai karanta ba.

Kar ka ce masu laburaren mugunta suka yi. Dalilinsu mai ƙarfi ne. Aikin kuɗi sau da yawa matakai biyu ne ko fiye: a cire daga asusun wannan, a saka a na wancan. Ko dai duka su tabbata, ko duka su fasa. Laburaren da ke tabbatar da kowane mataki shi kaɗai ba tare da an ce masa ba, yana iya barin ka da rabin aiki idan wuta ta ɗauke ko layi ya yanke a tsakiya. Sabon tsarin ya fi aminci. Amma amincinsa na wanda ya san da shi ne.

Kuma ba su yi shi a ɓoye ba. Tun watan Maris na 2021 suka fitar da siga ta 1.4 a matsayin gada tsakanin tsoho da sabo. A cikinta tsohon salo yana aiki, sabon ma yana aiki. Suka sa wani makunni mai suna SQLALCHEMY_WARN_20, wanda idan ka kunna shi, manhajarka za ta riƙa nuna maka wuraren da ka yi amfani da abin da za a cire. Suka rubuta dogon bayani na yadda ake ƙaura mataki-mataki. Kusan shekara biyu ke nan ana shela. Wanda sauyin ya zo masa ba zato, ba a ɓoye masa ba ne, shi ne bai leƙa ba.

Masu cewa a bar kaza cikin gashinta

To, in dai sabuntawa na da irin wannan haɗari, ba gara a zauna a kan tsohon ba? Wannan ita ce hujjar 'yan "kar ka taɓa", kuma ba zan ce babu ƙamshin gaskiya a ciki ba. Sai dai sun manta abu ɗaya: ko kai ba ka motsa ba, ƙasar da kake tsaye a kai tana motsi.

Tambayi duk wanda ya daɗe a harkar PHP. Shekaru da yawa, hanyar da kowa ke koya ta haɗa shafi da rumbun MySQL ita ce tsofaffin umarnin nan irin su mysql_connect. A 2013, da fitowar PHP 5.5, aka sanar cewa an daina ba da shawarar amfani da su. A Disambar 2015, da PHP 7.0 ta fito, aka cire su gaba ɗaya. Mutane da yawa suka ce ba komai, za mu zauna a PHP 5.6. Ita kuma aka daina yi mata gyaran tsaro a ƙarshen 2018. Daga nan kamfanonin da ke ba da hayar saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafinka a intanet, suka shiga janye tsofaffin sigogi ɗaya bayan ɗaya. Mai shafin da bai shirya ba sai ya wayi gari shafinsa fari fat, ba tare da ya taɓa komai ba. Aikin da zai iya yi a natse cikin shekaru, ya dawo yana yi a dare ɗaya, mai kaya na kiran waya. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma haka aka yi ta yi.

Kuma ba tsayawar shafi ce kaɗai matsalar ba. Waɗancan tsofaffin umarnin ba su da tsarin da ke raba umarni da abin da baƙo ya rubuta, tsarin da mysqli da PDO suke da shi. Shi ya sa shafukan da aka gina da su cikin sakaci suka zama abincin masu kutse: mutum ya zo gurbin da aka tanada don rubuta suna ko lambar sirri, ya cusa umarni, rumbu ya buɗe masa. Haka lamarin yake ga kowane laburaren da masu shi suka daina kula da shi. Idan aka gano ɓaraka a cikinsa, a fili ake sanarwa, masu kutse ma suna karantawa, amma babu wanda zai zo ya toshe maka.

A nan ne maganar ta wuce ta gwaninta ta koma ta doka. Tun Yunin 2023 Najeriya tana da Dokar Kare Bayanan Jama'a, da hukumar da ke sa ido a kanta, wato NDPC. Dokar ta ɗora wa masu riƙe da bayanan mutane alhakin ɗaukar matakan da suka dace don kare su, kuma idan aka yi kutsen da zai iya cutar da masu bayanan, ana so a sanar da hukumar cikin awa 72. "Ai tana aiki shi ya sa ban taɓa ba" ba amsa ba ce da za ka so ka bayar a irin wannan zama.

Sannan akwai abin da ya fi kowanne cin rai: bashin yana haihuwa. Tsallake siga ɗaya aiki ne na kwanaki. Ka bari uku su taru, sai ka tarar sabon laburaren yana son sabon Python, sabon Python ba ya jituwa da wasu kayan aikinka, su ma kowanne da nasa sauyin. A ƙarshe sai ka ji matashi yana cewa gara a rushe a sake gini. Mai kaya kuma ya biya sau biyu don abu ɗaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Masu rawar ƙafa

Ɗaya ɓangaren kuma su ne 'yan gaba-dai. Da sun ga sanarwa a X cewa sabuwar siga ta fito, kafin la'asar sun sabunta, sun ɗora hoto, "muna kan 2.0". Malam, manhajar mutane ba wayarka ba ce da za ka danna sabuntawa ka tafi sallah ka dawo.

Laburarenka ba shi kaɗai yake zaune ba, yana da maƙwabta. Lokacin da SQLAlchemy 2.0 ta fito a Janairun 2023, sigar pandas da ake amfani da ita a lokacin, wato kayan aikin da masu nazarin bayanai ke ji da shi, ba ta gama daidaita da ita ba. Mutane da dama suka ga aikin da ke tafiya lafiya jiya ya tsaya yau. Sai da pandas 2.0 ta fito a Afrilun shekarar abin ya daidaita sosai. Abin lura shi ne, da yawa daga waɗanda abin ya shafa ba su ma yanke shawarar sabuntawa ba. Kawai a takardar jerin kayan aikinsu sun rubuta sunan laburaren ba tare da lambar siga ba. Da aka sake ɗora manhajar a saba, kwamfuta ta ɗauko mafi sabo. Ka ga ke nan wanda ke tinƙaho da cewa bai taɓa komai ba, an taɓa masa yana barci.

Saboda haka jira ba laifi ba ne. Ka bar sabuwar siga ta ɗan sha iska, a gano kurakuran farko, maƙwabta su daidaita. Bambancin mai jira da mai sakaci shi ne mai jira ya san abin da yake jira, kuma ya sa rana.

Yadda mai sana'a yake yi

Da farko, ka ɗaure sigoginka. Kowane laburare a rubuta shi da lambarsa, don kar wani abu ya sauya sai da saninka. Wannan aikin minti goma ne, kuma yau ya kamata ka yi shi, ba gobe ba.

Na biyu, ka karanta bayanin ƙaura da masu laburaren suka rubuta, tun daga farko har ƙarshe. Na san Turanci ne, na san yana da tsawo, na san bidiyon minti biyar ya fi daɗi. Amma mai bidiyon manhajarsa ya sani, bai san taka ba. Kana karantawa kana rubuta duk abin da ya shafe ka, musamman sauyin da ba ya nuna kuskure.

Na uku, kar ka yi tsalle, ka bi gada. Ka fara hawa siga ta ƙarshe a tsohon layi, ka kunna gargaɗi, ka gyara su ɗaya bayan ɗaya har su ƙare. Idan ka yi haka, ranar ƙaura ta gaske ba za ta zo da wani abin mamaki ba. Kuma kar ka haɗa sauyi biyu a rana ɗaya. In ka sauya laburare, ka sauya rumbu, ka ƙara sabon shafi duk a tare, abu ya lalace, wa za ka kama?

Na huɗu, gwaji. Ba gwajin "na buɗe ta buɗe" ba. Ka ware ayyukan da idan suka lalace wani zai yi kuka: biyan kuɗi, shigar da maki, rage kaya daga sito. Ka gwada kowanne a kan kwafin bayanai, ba a kan na gaske ba. Bayan manhaja ta ce "an adana", ka rufe ta, ka shiga rumbun da kanka ka gani da idonka. Ka ƙirga layuka kafin da bayan. Ka tara jimillar kuɗi kafin da bayan. In da hali ka rubuta gwajin da kwamfuta za ta riƙa maimaitawa da kanta, domin wannan ba ita ce ƙaura ta ƙarshe ba.

Na biyar, kwafin ajiya na ko-ta-kwana, kuma a nan zan ɗan daɗe. Kusan kowa zai ce maka yana da shi. Tambayar ita ce: ka taɓa dawo da shi ka ga ya yi aiki? A ranar 31 ga Janairun 2017, wani injiniya a kamfanin GitLab, yana cikin gyaran wata matsala da daddare, ya goge bayanan babban rumbun kamfanin bisa kuskure, kimanin gigabait 300. Da aka juya ga kwafin ajiya, sai aka tarar wanda ake sa ran ana ɗauka a kai a kai babu shi. Dalili? Rumbun yana kan PostgreSQL 9.6, amma kayan aikin da ke ɗaukar kwafin na 9.2 ne. Saɓanin siga ya sa aikin yana faɗuwa, saƙonnin imel da ya kamata su sanar da hakan kuma ba sa isowa. Abin da ya cece su shi ne wani kwafi da aka ɗauka kimanin awa shida kafin lamarin don wani aikin daban. Bayanan waɗannan awanni shida sun tafi. Kamfanin bai ɓoye ba, ya wallafa bayanin abin da ya faru dalla-dalla, har aikin dawo da bayanan ya nuna kai tsaye a YouTube. Wannan kamfani ne da sana'arsa ke nan, cike da ƙwararru. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Kwafin da ba ka taɓa gwada dawo da shi ba, fata ne kawai kake yi.

Na shida, ka zaɓi lokaci, ka kuma tanadi hanyar komawa. Ba a sabunta manhajar makaranta a makon fitar da sakamako. Ba a taɓa ta shagon atamfa ana saura kwana uku Sallah. Ba a yi da yammacin ranar da ka san gobe ba za a same ka a waya ba. Ka sanar da mai kaya tun da wuri, ka tabbatar kana da caji da data, ka kuma rubuta wa kanka matakan komawa tsohuwar siga idan abu ya ƙi. Bayan ka gama, kwana biyu ko uku idonka na kan lissafi.

Wani zai ce, ai yanzu akwai ChatGPT da 'yan'uwansa, sai in liƙa musu kod su juya min. Ka yi amfani da su, suna rage wahala ƙwarai. Amma ka sani, daga rubuce-rubucen da ke intanet suka koya, kuma tsohon salo ya fi sabo yawa a can, tunda ya fi shi daɗewa. Sukan haɗa maka tsoho da sabo a wuri ɗaya, su miƙo maka da cikakken ƙarfin gwiwa. In ba ka karanta bayanin ƙaura ba, da me za ka gane? Kuma don Allah kar ka kwashi sunaye da lambobin mutane na gaske ka zuba musu da sunan neman taimako.

Wa zai biya?

Ga inda gizo ke saƙar. Matashi zai ce: duk na ji, amma Alhaji ya biya ni sau ɗaya ne, shekara biyu da suka wuce, har da ragi. In na je na ce a biya ni in sabunta abin da shi a idonsa lafiyarsa ƙalau, cewa zai yi na zo cin kuɗi.

Gaskiya ne, kuma mu muka koya wa masu kaya wannan tunani. Muna sayar da manhaja kamar kujera, a biya a ɗauka. Alhali ta fi kama da janareta. Babu Alhajin da zai yi musu idan aka ce janareta na son juyen mai da sauya filogi, ko da yana tashi da bugu ɗaya. Ya san in ya ƙi, ranar da zai ƙi tashi ita ce ranar da aka fi buƙatarsa. Da wannan harshen za ka yi masa magana, ba da sunayen laburare ba. Tun ran gini ran zane: daga ranar ciniki ka raba kuɗin gini da kuɗin kulawa na shekara, ka rubuta abin da kulawar ta ƙunsa. Wanda ya ƙi, ka sanar da shi a rubuce, ko da saƙon WhatsApp ne, cewa bayan lokaci kaza ba za ka iya lamunce tsaron manhajar ba. Ka fita haƙƙinsa, ka kuma kare kanka. Wanda ke karya farashi yana cewa shi ba ya karɓar kuɗin kulawa, ba sauƙi ya yi wa mai kaya ba, ɓoye masa bashin ya yi.

Kuma ga wanda ke hangen aiki a kamfani, a gida ko a waje, ka san wannan: ba kullum ake gina sabuwar manhaja ba. Yawancin aikin shi ne kula da wadda ake da ita. Ƙaramar manhajar gwaji kowa na da ita a GitHub. Amma matashi ko matashiyar da za ta iya cewa, na ɗauki manhaja mai rai daga tsohuwar siga zuwa sabuwa, ga yadda na tsara, ga abin da na gwada, ba a rasa layi ɗaya ba, wannan ta nuna abin da satifiket ba ya nunawa. In ba ka da ta kwastoma, ɗauko tsohon aikinka na koyo ka yi a kansa, ka rubuta abin da ka gani, ka raba wa 'yan zaurenku da Hausa. Na bayanka za su gode.

Kai kuma da ba ka rubuta kod

Na ce akwai rabonka. In kana da shago, ko kana taimaka wa mahaifiyarka da lissafin sana'arta, ko kai ne aka ɗora wa kula da kwamfutar makarantarku, akwai tambayoyi uku da za ka yi wa wanda ya haɗa muku manhaja, ba sai ka san komai a harkar ba. Yaushe rabon da a sabunta kayan da aka gina ta da su? Ina kwafin bayananmu yake, kuma yaushe aka gwada dawo da shi? In ka yi tafiya ko ka sami wani aikin, wa zai iya ci gaba? In ya amsa a natse, ka riƙe shi da kyau, ka biya shi haƙƙinsa. In ya ce "kar ka damu, tana aiki", to ka fara damuwa.

Sannan idan manhajar da kake amfani da ita ta sanar cewa za ta tsaya na wasu awanni don gyara, kafin ka hau Facebook ka yi musu wankin babban bargo, ka tuna cewa wanda ya sanar da kai ya fi wanda ya yi shiru. Ka dai adana rasit ɗinka, ka duba lissafinka bayan sun dawo.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, a daren nan ka buɗe takardar jerin kayan aikin manhajar da ka fi alfahari da ita. Ka duba lambar sigar laburaren da ke magana da rumbunka, ka je shafin masu shi ka ga inda suka kai, ka ga ko har yanzu suna kula da wadda kake kai. In tazarar ta yi nisa, kar ka firgita, kar kuma ka danna komai yau. Ka ɗaure sigar, ka ɗauki kwafi, ka gwada dawo da shi, ka sa rana a kalanda. Akawun makarantar nan da matan adashin nan ba su san sunan laburarenka ba, ba kuma za su taɓa sani ba. Kai suka sani.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.